Shekaruna 46, ban taɓa aiki da kwamfuta ba: daga ina zan fara?

Wani bawan Allah, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya aiko da wannan tambaya: "Shekaruna 46. A ofis yanzu an ce duk rahoto sai a buge, ni kuma kullum sai na kai shagon buga takardu na biya. Ƙanena ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa, wata biyu ke nan tana cikin jaka, ina tsoron in kunna in ɓata ta. Ga 'yata za ta zana JAMB bana, ita ma ba ta iya ba. In shiga makarantar kwamfuta ta wata shida ne, ko akwai abin da zan fara da kaina?"

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka wa ƙanen naka da alheri. Ka fito da laftof ɗin nan daga jaka yau, ka sa ta a caji. Na daɗe ina koya wa manya kwamfuta, har yau ban ga wanda ya kashe ta da danne-danne ba. Abubuwan da ke kashe ta sanannu ne: shayi ko ruwa ya zube a kan maɓallai, ta faɗo daga tebur, wutar janareta mai hawa da sauka ta ƙone caja, ko a ɗora ta a kan katifa har ƙofofin iskarta su toshe ta yi ta zafi. Ƙurar hunturu ma tana yi mata illa a hankali, shi ya sa in ka gama ka rufe ta ka mayar jaka. Amma yatsanka ba zai fasa komai ba. Iyakacin ɓarnar da sabon koyo zai yi ita ce ya goge wata takarda ko ya juya wani saiti, kuma kusan duk wannan ana gyara shi cikin minti biyu. Ajiyar da ka yi mata ta wata biyu ba caji ta fi cutar da batirinta a kan duk kuskuren da kake tsoro.

Kuma ka daina cewa ba ka iya komai ba. Tunda da waya ka aiko mini tambayar nan, ka san buɗe manhaja, ka san rubuta saƙo, ka san tura hoto. Wayar hannunka kwamfuta ce ƙarama. Bambancin da zai ba ka wahala biyu ne kacal. Na farko, a waya da yatsa kake taɓa abu kai tsaye, a kwamfuta kuwa sai ka aiki wata 'yar kibiya ta je ta taɓa maka. Na biyu, waya tana ajiye maka abubuwa da kanta ba tare da ka sani ba, ita kuwa kwamfuta sai ka gaya mata ta ajiye, ka kuma gaya mata inda za ta ajiye. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya ci rabin tafiya.

Maganar makarantar wata shida, ra'ayina kada ka biya tukuna. Akwai masu kyau, ban musa ba. Amma da yawa wata na farko a kan tarihin kwamfuta yake ƙarewa, a cika maka littafi da ma'anoni, sannan a tara mutum biyar a gaban na'ura ɗaya, mai ƙarfin hali ya riƙe linzami, wato maus, sauran su yi kallo. Na sha karɓar masu takardar shaida irin wannan waɗanda ba za su iya nemo wasiƙar da suka buga jiya ba. Kai kana da taka a gida, wannan ya fi komai. Ka yi wata ɗaya kana aiki da ita, in daga baya kana son takarda saboda ƙarin girma, ka je ka zaɓi makaranta da idonka a buɗe: ka tambaye su ko kowane ɗalibi yana da na'urarsa, da abin da suke yi in an ɗauke wuta.

Kunnawa ba wani abu ba ne, maɓalli ɗaya ne mai alamar da'ira da ɗan layi a samanta. Ka danna sau ɗaya ka saki, ka ba ta lokaci, tsohuwar na'ura takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta gama tashi. Kashewa ce ke da ƙa'ida. Ka je alamar taga mai gida huɗu da ke ƙasan fuskar, ka danna, ka nemi alamar wuta, ka zaɓi Shut down. Danne maɓallin wuta har ta mutu, wannan sai in ta ƙame gaba ɗaya ta ƙi motsi.

Yanzu linzami, wanda yara ke kira maus. Laftof tana da ɗan faifai a gaban maɓallai da ake shafawa da yatsa, amma ina roƙonka ka sayi linzami na daban mai igiya, ba shi da tsada, ka soka a jikinta. Hannun babba ya fi saurin sabawa da shi. Ka ɗora tafin hannunka a kansa kamar ka rufe ƙwai, manuniya a maɓallin hagu, ɗan tsakiya a na dama, tushen hannunka yana kan tebur. Kada ka ɗaga shi sama, kada ka matse shi. Idanunka kuma a kan fuskar kwamfuta, ba a kan hannunka ba. Dannawa ɗaya ta hagu zaɓe ce. Biyu a jere da sauri buɗewa ce. Ta dama tambaya ce, kamar ka ce wa kwamfuta "me zan iya yi da wannan?", sai ta jero maka. In ka danne na hagu ba ka saki ba ka ja, to ka ɗauki abu ke nan kana kai shi wani wuri.

Dannawa biyun nan ita ce ke karya gwiwar dattawa. Na taɓa koyar da wani magatakarda mai furfura, rubutun hannunsa kamar an zana, amma duk sanda zai danna sau biyu sai hannunsa ya ɗan gusa tsakanin ta farko da ta biyu, maimakon fayil ya buɗe sai ya ja shi gefe. Kwana uku yana wannan fama, har ya cire hula ya ajiye a kan tebur ya ce shi kam abin ba nasa ba ne. Na ce masa, Baba, danna sau ɗaya kawai, in ya yi shuɗi sai ka buga Enter. Nan take fayil ya buɗe. Da wannan dabara ya yi aiki har mako biyu, kafin nan hannun ya saba da kansa. In ka gamu da irin wannan, kai ma ka yi haka, ba laifi ba ne. Don horar da hannu kuwa, ka buɗe manhajar zane mai suna Paint, ka yi ta rubuta sunanka da linzami, ka zana gida, ka cika shi da launi. Kada ka raina wannan. Kamfanin Microsoft da kansa ya sa wasan karta a cikin Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1990, kuma daga cikin dalilansa har da koya wa mutane jan abu da linzami, domin a lokacin ma'aikatan ofis na Amurka ma baƙonsa ne.

Allon maɓallai kuma zai ba ka haushi da farko, don haruffan ba a jere suke ba. Gado ne daga tafireta, tun shekarun 1870 aka tsara su haka, shi ya sa tsofaffin masu buga tafireta na sakatariya ba su sha wahala ba da kwamfuta ta zo. Shafa F da J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan ne mazaunin manuniyoyinka biyu, sauran yatsu su jeru a gefensu. Ba na tilasta wa mai shekara 46 ya yi bugun yatsu goma a makon farko, amma ka yi amfani da hannu biyu tun yau, kada ka saba da tsintar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero, domin barin wannan ɗabi'a daga baya yana da wuya. Doguwar sandar ƙasa ita ke ba da tazara. Shift da harafi suna ba da babban baƙi. Backspace yana goge abin da ke bayan ɗan layin nan mai ƙiftawa, Delete yana goge na gabansa, kuma duk inda layin yake ƙiftawa nan rubutunka zai sauka.

Maɓallai biyu ne ke sa sabon koyo ya zaci na'ura ta lalace. Caps Lock in ya kunnu komai sai ya fito da manyan baƙaƙe, kalmar sirrinka ta yi ta ƙin shiga alhali daidai kake bugawa. Ɗayan kuma Num Lock ne: a wasu ƙananan laftof in ya kunnu, ka buga J sai 1 ya fito, K ya ba ka 2, L ya ba ka 3. Na ga wanda ya kai wa mai gyara saboda wannan aka karɓi kuɗinsa. Ka sake danna shi, wani lokaci tare da Fn, magana ta ƙare.

To, ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka, domin a nan ne ake kuka. Kai ma'aikacin ofis ne, ka fi yaran nan sanin fayil da kabad. Kwamfuta tana da tebur, tana da kabad. Duk abin da kake bugawa yanzu a kan tebur yake, wato ɓangaren da ake kira RAM, shi kuwa ba ya riƙe komai in wuta ta yanke. Kabad ɗin shi ne ma'ajiyar ciki, wadda ke riƙe abu ko an kashe na'ura shekara guda. Adanawa ita ce ɗauke takarda daga tebur a sa ta a kabad. Wata ɗaliba ta taɓa zama a ajinmu tun bayan azahar har kusan magariba tana buga babi na biyu na kundin kammala karatunta a kwamfutar tebur. Shafi goma sha ɗaya. Aka ɗauke wuta, fuskar ta yi baƙi, fanka ta tsaya. Da aka tayar da janareta muka buɗe, sakin layi uku kawai muka iya tsamowa. Ba ta yi magana ba, ta ɗauki jakarta ta fita waje ta zauna a kan dakali. Tun daga ranar, darasin adanawa nake fara koyarwa kafin darasin ƙawata rubutu. Kada ka ce taka laftof ce mai batir. Batirin tsohuwar laftof yakan nuna kashi 40 ya mutu a take.

Saboda haka da ka buɗe Word, manhajar buga takardu, kafin ka buga layi na biyu, danne Ctrl ka taɓa S. Karo na farko za ta tambaye ka abu biyu, suna da wuri. Kada ka yi saurin danna Save ba ka karanta ba, nan ne takardu ke ɓata. Ka ba ta suna irin wanda za ka rubuta a bayan fayil na ofis, misali "Rahoton watan Maris 2025", ba "Document1" da ita ke ba ka ba. Wuri kuma ka zaɓi Documents, a ciki ka buɗe foldoji naka: danna dama a fili, ka zaɓi New, sannan Folder. Ɗaya ta ofis, ɗaya ta gida, ɗaya ta makarantar yara. Daga nan duk sakin layin da ka gama, Ctrl da S, har ya zame maka jiki kamar kulle ƙofa in za ka fita. Sannan ka yi gwajin da nake ba kowa: rufe Word ɗin gaba ɗaya, kashe na'urar, sake kunnawa, ka nemo takardarka ta cikin alamar folda mai ruwan ɗorawa da ke ƙasan fuska. Ranar da ka yi wannan sau uku ba wanda ya taimake ka, ranar ka fara iya kwamfuta.

Abokin Ctrl da S shi ne Ctrl da Z. Duk kuskuren da ka yi yanzun nan, ko shafi guda ka goge, yana dawo da shi. Ctrl da C kwafa, Ctrl da V liƙawa, waɗannan za ka tsince su a hanya. Fayil ɗin da ka goge daga cikin na'ura ma bai tafi ba, yana kwandon shara mai suna Recycle Bin, ka buɗe ka danna dama ka zaɓi Restore. Amma ka kiyaye, abin da ka goge daga filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ba ya shiga kwandon nan.

Tunda na ambaci filash, kada ka mayar da shi ma'ajiyarka ɗaya tilo. Yana ɓata, yana shiga wanki a aljihun riga, kuma a shagunan buga takardu yake kwaso cuta. Akwai wata ƙwayar cuta da ta addabi mutanenmu, ka dawo gida ka ga duk foldojinka sun koma alamomi masu 'yar kibiya a gindi. Yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su ta yi. Kada ka danna alamomin, kada kuma ka yarda a goge abin da ke cikin filash ɗin gaba ɗaya kafin wanda ya sani ya duba. Duk takarda mai muhimmanci ta zauna a wuri biyu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka tura wa kanka ta imel. Gmail yana ba kowa gigabait 15 kyauta, rahotannin shekara goma ba za su cika shi ba.

Kada ka koyi abubuwan nan a iska. Ka ɗauki aiki na gaske, misali takardar neman hutun shekara, ka kai ta daga farko har ƙarshe. A nan za ka gane cewa a Word ba a buga Enter a ƙarshen kowane layi, rubutu da kansa yake gangarowa, sai za a shiga sabon sakin layi. Ba a kuma tura kanun takarda tsakiya da bugun tazara, akwai alamar da ke yin wannan a sama. Ka tabbatar girman takardar A4 ne, don shi ake amfani da shi a ofisoshinmu. In ka gama, ka sake adana kwafi a matsayin PDF ta hanyar Save As, shi za ka kai wa mai firinta, domin PDF ba ya wargajewa in an buɗe shi a wata na'ura. Daga yau kuɗin fitarwa kawai za ka biya, ba na bugawa ba. In laftof ɗin ba ta da Word mai lasisi, akwai LibreOffice, kyauta ce kuma tana yin aikin.

In za ka yi rubutu da Hausa, ka kula da haruffanmu masu lanƙwasa, don "ƙafa" da "kafa" ba ɗaya ba ne. Windows tana da tsarin maɓallan Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe. Kafin a sa maka shi, a cikin Word ka ba da tazara ka buga 0199 ka danna Alt da X, sai ya koma ƙ. Haka 0257 yana ba da ɗ, 0253 yana ba da ɓ.

Intanet kuwa daga wayarka za ka ba ta, ta hanyar hotspot. Da ka haɗa, ka sa a kunna maka Metered connection a saitin Wi-Fi, in ba haka ba Windows za ta kama sabunta kanta ta shanye maka datar wata a dare ɗaya. Sauran shawarar ka riga ka san ta daga waya: ba bankin da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, kuma duk shafin da ya ce ka ci kyauta ko an ɗauke ka aiki ka saka BVN, rufe shi. In wani akwati ya faɗo yana ihu cewa na'urarka ta kamu, ka danna nan, kada ka danna. In kuma ka buɗe imel ko WhatsApp a kwamfutar wani, ka fita kafin ka tashi.

Sai 'yarka. Ka kwantar mata da hankali, abin da JAMB ke buƙata bai kai rabin abin da na lissafa maka ba. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, kuma duka zaɓe ne, ba rubutu. An ma tsara ta yadda ko ba linzami za a iya yi: A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Abin da ke kayar da yaranmu firgici ne. Yarinya ta san amsa, amma ranar ce ta fara zama gaban kwamfuta, ga agogo yana raguwa a saman fuska, sai ta ɓata minti goma sha biyar tana neman yadda za ta koma kan wani darasi, ko ta miƙa aikin tun ba ta gama ba. Ka sa a saka muku manhajar gwajin tsofaffin tambayoyi a laftof ɗin, akwai masu aiki ba tare da intanet ba, ta riƙa yin cikakkiyar jarrabawa da agogo sau biyu a mako. Ka kuma biya mata jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaskiya, domin ta ga ɗakin, ta ga layin, ta ga yadda ake ɗaukar hoton yatsa. Wannan kuɗin ba asara ba ne.

Ku riƙa zama tare, kai da ita, minti talatin bayan sallar isha'i. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Asabar, don hannu ne ke koyo, shi kuma da maimaici yake riƙewa. Za ta riga ka kamawa, wannan kada ya dame ka, gemu ba ya hana ilimi. Sharaɗi ɗaya nake so ka gindaya mata, da ita da duk wani matashi da zai nuna maka a ofis: kada ya karɓi linzami daga hannunka. Ya faɗa da baki, kai ka danna. In ya karɓa ya yi maka cikin daƙiƙa biyar, aikin ya yi, kai ba ka ƙaru da komai ba. Ka ajiye ɗan littafi a gefe kana rubuta matakan da Hausarka. Excel, na lissafi da jadawali, ka bar shi sai wata na biyu.

Abu na ƙarshe, in ka kunna laftof ɗin ta nemi kalmar sirri, ka kira ƙanen naka, kuma ka tambaye shi wace Windows ce a kai. In 10 ce, ka sani Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Za ta yi maka bugun takardu da gwajin JAMB lafiya lau, amma harkar banki ka bar ta a waya har sai wanda ya sani ya duba ko na'urar za ta ɗauki Windows 11.